Tsakanin Mi da Fa

Ku matso kusa ku ji abin da aka yi mini, don har yau in na tuna sai tuwo ya fita raina.

Uwata tana da wata waƙar rakiyar amarya, da ita ta raka ni ɗakin miji nan unguwar Nima. A tsakiyar waƙar akwai wurin da muryarta ke hawa, sai ta tsaya ba ta ƙarasa hawan ba, kamar kuka ya maƙale mata a wuya. Nan ne mata ke kai bakin gyale ido. Allah ya ji ƙanta, ta bar mini waƙar a baki. Ni ba mai fita ba ce, ko Kasuwar Malam Atta sai dole, amma na ci alwashin da waƙar nan zan raka autata, yadda aka raka ni.

Da biki ya matso, wan ango, mai ɗakin ɗaukar waƙa a Kotobabi, ya zo da piyano da waya. Mutum mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce in rera ya ɗauka, a sa a lasifika kowa ya ji. Ina rerawa, wata 'yar allura na rawa a fuskar wayar.

"Mma, nan kin kauce," in ji shi.

"Na kauce zuwa ina? Unguwar Mamobi?"

Ya yi dariya. Ya ce sauti girgizar iska ce: in girgizar ta yi sauri murya ta yi sama, in ta lafa ta yi ƙasa. Wai an auna ta, an yanka ta gida-gida, kowane gida da sunansa, wasu su ce do, re, mi, wasu su ce A, B, C. Ya danna gidan mi a piyanon, ya danna gidan fa da ke manne da shi. Muryata ta wuce na farko, ba ta kai na biyu ba.

"Ba ta da suna, Mma."

"To ɗana, ka raɗa mata mana! Ga ta ka ji ta da kunnenka."

"Ki bar mini kawai."

Na bar masa, wallahi na zaci suna zai nemo.

Ranar rakiya aka kunna lasifika. Muryata ce, amma da ta zo wurin uwata sai ta haye gidan fa sumul, tas, ba gargada. Ashe wan ango ya sa injinsa ya ture ta can. Mata suka yi ta tafi da guɗa, ba wadda ta taɓa gyale. Na miƙe na ɗaga tawa, lasifika ta danne ni. Haka aka sa 'yata a mota, ba ta ji kakarta ba.

Yanzu ta wan ango ce a wayar kowa a unguwa. Jiya ina tsince shinkafa ina rerawa, ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta ce, "Yaya, ba haka take ba."

Ku gaya mini tsakani da Allah, muryar da ta riga piyanonsa zuwa Nima, ita ce za a kora don ba a ba ta suna ba?