Gaban Motar Babanmu

Akwai makarantar firamare a bayan gidan da nake zaune yanzu, kuma ba su da ƙararrawa. Wani guntun ƙarfe suka rataya a reshen darbejiya, shi ake bugawa da safe da kuma lokacin tashi. Ranar da na fara jin sa ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, sai da na ajiye faifan. Ban leƙa ba, amma na san ko mene ne. Fallen sifirin mota ne, ƙarfen da ke tare nauyin mota a kan taya. Babu ƙarfen da ke irin wannan kuka, dogo, mai rawa a ƙarshensa. Na san shi tun ina 'yar shekara goma ko kusa da haka, a gidanmu na Haɗeja.

Babanmu direba ne. Ya daɗe yana tuƙa babbar motar wani attajiri, sai bayan an gama yaƙin basasa ya sayi tasa a gwanjo, wata tsohuwar jif mai buɗaɗɗen baya wadda fentinta ya koɗe. Sana'ar da ya kama ita ce kwaso bandar kifi daga ƙauyukan masunta na wajen Baturiya zuwa kasuwar gari. In kai ɗan yanzu ne ba za ka gane wahalar wannan hanya ba. Ba hanya ba ce ma, sawun shanu ne da na jakuna. Ƙasar tamu kuwa haka Allah Ya yi ta: fadama, sai jigawa, sai kuma fadama. Da ruwa ya cika kwari, dole ka hau tudun rairayi, ka gangara, ka sake hawa wani.

Motar tana hawa, gangara ce ba ta so. Da ta sa kai ƙasa sai gabanta ya durƙushe, ƙarfe ya daki ƙarfe, sitiyari ya fizge daga hannu. Kifin da aka loda lafiyayye ya iso gari rabinsa gari. Baba kan dawo da wuyan hannu a kumbure, Inna ta dafa ruwa ta gasa masa. Ranar da sitiyarin ya gurɗe masa babban yatsa, ya fita ƙofar gida wurin yayansa, wanda muke kira Baffa.

Baffa bakanike ne, rumfarsa tana jikin katangarmu. Mutum ne da za ka wuni kusa da shi ba ka ji muryarsa ba.

"Yaya, ko in rabu da ita ne?" in ji Baba.

Baffa ya shiga ƙarƙashin motar ya daɗe a kwance. Da ya fito ya ce, "Injinta lafiya lau. Gabanta ne ya gaji. Bar mini ita."

Bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Aka ɗaga gaban motar aka tokare da kututturen giginya, aka cire tayoyi. Baffa ya samo sifirin wata matacciyar babbar mota a bayan tasha, ya warware shi falle-falle. Kowane falle sai ya rataye shi ya buga da guduma ya kasa kunne. Wanda ya yi kuka mai tsawo ya ajiye, wanda muryarsa ta dushe ya jefar, domin yana da tsaga a ciki ko da ido bai gani ba. Ya kai su maƙera aka yanke daidai tsawo, aka gasa, aka ƙara musu lanƙwasa, aka tsoma a baƙin mai. Hayaƙin ya cika unguwa har tuwonmu ya ɗauki warinsa. Ya shafa giris tsakanin falle da falle, ya ɗaure su a kan na asali, ya sa dogayen shokzoba masu shanye jijjiga da aka kawo masa daga Kano.

Gwajin farko bai yi ba. Gaban ya yi tauri, motar tana tsalle kamar jakin da ƙuda ya ciza. Baffa ya sake kwance komai, ya cire falle mai kauri a kowane gefe ya musanya da siriri. Aikin da ya ci kwanaki ya maimaita shi daga farko.

A gwaji na biyu aka tafi da ni. Baffa ya cika kwanon sha da ruwa ya ɗora mini a cinya ya ce in riƙe. Muka fita bayan gari, Baba ya nufi wata jigawa mai gorubai a kanta. Da muka kai ƙoli na hango fadama shimfiɗe a ƙasa, balbelu fari fat a bakin ragowar ruwa, sai motar ta sa kai. Na runtse ido ina jiran dukan. Bai zo ba. Gaban ya sauka a hankali, ya taso a hankali, kamar raƙumi mai ladabi. Ruwan ya yi rawa a kwano, ko zanena bai jiƙe ba. Baba ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya daki kafaɗar yayansa yana dariya. Wannan dariyar nake riƙe da ita, domin ba ni da wata bayanta.

Daminar nan motar ta shiga ƙauyukan da taya ba ta taɓa takawa ba. Kifi ya riƙa isowa da kansa da jelarsa. Aka sake rufin ɗakin Inna, muka ci nama ba ranar salla ba.

Da damina ta zagayo, wajen ƙarshenta, gero ya fara nuna, ruwa ya kwanta ko'ina, sai ciwon amai da gudawa ya ɓulla a ƙauyukan bakin kogi. Mun fara sani ne ranar da Baba ya wuce kasuwa bai tsaya ba, ya zarce asibiti da wata matar masunci kwance a kan kwandunan banda. Washegari ya koma bai ɗauko kifi ba. Daga nan bai ƙara ɗauko kifi ba.

Ciwon ba ya jira. Mutum ya fita su da safe, kafin azahar idonsa ya faɗa, fatar hannunsa ta yamutse kamar ta tsoho. Kwale-kwale yana da jinkiri, jaki kuma ba ya ɗaukar wanda ba ya iya zama. Mota ɗaya ce ke ƙetare jigayin nan, kuma tana ƙofar gidanmu. Tun hantsi za ka ga mutum tsugune a gindin katanga, ƙafafunsa duk taɓo, ya kwana yana tafiya, yana jiran direba. Waɗansu Baba ya kai su asibiti suka tashi. Waɗansu suka cika a hanya, ya juya da su gida a binne su cikin danginsu.

Ba zan kwatanta maka warin bayan motar nan ba. Inna ta hana Baba shiga cikin gida sai ya yi wanka a zaure da sabulu da toka, ta tafasa kayansa a tukunya ta dabam. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. Dillalan kifi suka aiko cewa ko ciwo ya wuce ba za su ƙara loda kaya a motar gawa ba.

Wata safiya Inna ta tare shi a zaure, Baffa yana tsaye a bakin ƙofa.

"Malam, kana da 'ya'ya fa."

"Na sani."

"To ya isa haka. Ka yi iyakar naka."

"In na zauna wa zai je? Faɗa mini mota ɗaya a garin nan da za ta kai can, in bar mata hanya."

Sai ta juya wurin Baffa, ita da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba. "Yaya, kai ka ɗaura mata ƙarafan nan. Don Allah ka kwance su."

Baffa ya ɗauki sifana ya nufi motar. Ina kallonsa daga bakin zaure. Ya durƙusa a gaban tayar, ya ɗora sifanar a kan noti, ya daɗe a haka, mutanen da ke jira a gindin katanga suna kallonsa su ma. Da hannunsa ya motsa, ƙara ɗaurewa ya yi. Ya bi sauran notocin ɗaya bayan ɗaya ya ƙara musu ƙarfi, ya miƙe ya koma rumfarsa.

Ba a yi mako ba Baba ya fita bai dawo ba. Kashegari wani masunci ya iso a ƙasa ya ce direba yana kwance a ƙauye na can ƙarshe, motar tana gindin tsamiya, babu wanda ya iya tuƙi. Baffa ya ruga tasha. Direbobin ba ƙi suka yi ba, abokan Baba ne, wani har kuka ya yi. Amma duk sun san motocinsu ba za su wuce jigawar farko ba. Baffa ya shiga kwale-kwale, inda ruwa ya ƙare ya taka da ƙafa.

Da la'asar ta washegari na ji kukan injin. Motar ta shigo unguwa a hankali ƙwarai, Baffa ne a sitiyari, shi da bai cika tuƙi ba. A baya akwai wata tsohuwa da jikarta, dukansu da sauran numfashi. A gefensu Baba ne, an lulluɓe shi da tabarma har kai.

Inna ta fito ba mayafi. Baffa ya sauko ya tsaya nesa da ita.

"Na same shi da ransa," ya ce. "Shi ya ce kada in taho da shi shi kaɗai, akwai wuri. A gangaren ƙarshe ya cika, ban ma sani ba sai da na tsaya." Sannan ya ce, "Bai sha jijjiga ba. Ko sau ɗaya gabanta bai daki ƙasa ba."

Yana faɗin haka sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannayensa masu baƙin mai. Ba a bar mu mun taɓa Baba ba. Mutane kaɗan ne suka bi gawarsa, kafin magariba an gama.

Baffa ne ya kai tsohuwar da yarinyar asibiti, kuma shi ya ci gaba da jigilar har ciwon ya ɗauke da shigowar sanyi. Bayan nan ya sayar da motar ga wani mutumin Kaugama. Shi ya riƙe mu, ya aurar da mu, bai taɓa barin tukunyarmu ta kwana ba wuta ba. Amma tsakaninsa da Inna gaisuwa ce kawai, har suka bar duniya.

Yanzu titi ya ratsa waɗansu daga jigayin nan. Bara jikana ya bi da ni ta can, na ga yara a kan babura suna hawa tudun da manyan direbobi ke tsoro, ga ɗakin shan magani a ƙauyen da dā sai an kwana ana tafiya kafin a ga allura. Na gode wa Allah. Hanyoyin ruwan kuma ciyawar kachalla ta cinye su, kifin ya ja baya, masuntan da yawa sun koma noma. Babu wanda na tarar da ya san an taɓa yin wani direba.

Inna ta rasu tana ganin da an kwance ƙarafan nan a safiyar nan, da mijinta ya tsufa a gabanta. Baffa bai taɓa kare kansa ba, bai kuma taɓa cewa ya yi kuskure ba. Yau na girme su dukansu, na yi jikoki, na binne nawa mutanen, kuma har yanzu ban iya raba musu wannan gardama ba. Addu'a ɗaya nake yi musu su uku.