Gara a Ce Wiwi Nake Sha

Abubuwa da yawa na shekarun aikina sun ɓace mini, amma ban manta da ranar da aka zaunar da Didam gaban kwamitin horo ba. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Ku da kuka shigo aikin kansila kwanan nan, ya kamata ku ji wannan.

A lokacin ina wata sakandaren kwana a wajen garin Kafanchan, wadda daga ita na yi ritaya. Ga wanda bai san aikin ba, kansila ita ce mai zama da ɗalibi idan zai shiga manyan azuzuwa, su duba ko kimiyya ce ta dace da shi, ko adabi, ko kasuwanci. Idan ya kai ajin ƙarshe kuma, su duba abin da zai karanta a gaba da sana'ar da zai kama. Babbar dokarmu ita ce, abin da yaro ya faɗa a ɗakin nan ba ya fita, sai in akwai haɗari ga ransa ko ran wani.

Na bi maigidana wurare da dama. Na koyar a Garwa ta Kamaru, na zauna a Kumasi, na zauna a Kwatano. A makarantar da na yi aiki a Garwa, iyaye da kansu suke zuwa su zauna a benci suna jiran mai ba da shawara. A Kumasi yara har rige-rigen shiga suke yi. Amma a wannan makarantar ta Kafanchan na tarar da al'adar da ban taɓa gani ba. Kowace Litinin a asambili, malamin horo, Malam Ishaya, zai karanta sunayen waɗanda aka kama da tsallake katanga ko sata ko shaye-shaye, a yi musu bulala, sannan ya rufe da cewa, “Ku wuce wurin Kansila.” Saboda haka a idon kowa, ɗakina wurin masu laifi ne. Yaron kirki ba ya bi ta gabansa. Na yi ƙorafi a taron malamai, firinsifal ya ce haka ya tarar.

Didam ɗan Kagoro ne, yana ajin ƙarshe, shi ne firifet na ɗakin cin abinci. Wata rana lokacin hutun tara ya leƙo, ya waiga hagu da dama, sannan ya shigo da sauri. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce, “Mama, akwai makarantar da namiji zai koyi girki?”

Na ce akwai, har difloma ake bayarwa a fannin abinci da kula da otal. Na ba shi labarin wani maƙwabcinmu a Kwatano, babban kuku a otal, wanda mutane suke cire masa hula a hanya. Idon yaron nan ya kawo ruwa. Ya ce babansa tsohon saje ne, kuma ya riga ya tsaya a majami'a ranar godiya ya shaida wa jama'a cewa ɗansa hafsan soja zai zama. Muka shirya cewa zai yi shiru har ya gama jarrabawar fita, sannan mu je Kagoro tare, in zauna da baban a tsanake. Ya ci gaba da zuwa jifa-jifa, muna duba darussan da zai ba ƙarfi.

Ashe Malam Ishaya yana lura. A lissafinsa, ba mai shiga ɗakina sai mai laifi, wanda kuwa ya shiga a ɓoye laifinsa ya fi girma, don haka ya ce Didam shaye-shaye yake yi. Aka kwance katifar Didam, aka zazzage akwatinsa, ba a sami komai ba. Malam Ishaya ya ce wannan ma shaida ce cewa yaron gwani ne. Litinin ta gaba aka cire masa bajen firifet gaban dukan makaranta, aka aika wa babansa. A ƙa'idar makarantar, wanda kwamiti ya kama da shaye-shaye kora ce, ga shi jarrabawa saura 'yan makonni.

Na tafi ofishin firinsifal, na ce, “Sa, yaron nan bai sha komai ba. Shawarar karatu ya zo nema.”

Ya ce, “Wace shawara ce ake nema a ɓoye, Madam? Faɗa mini abin da ya gaya miki, magana ta ƙare.”

Na ce ba ni da ikon faɗa. Ya ce to shi yana da ikon rubuta mini takardar tuhuma. Na ce ya rubuta.

Na nemi Didam, na ce masa, “Ɗana, ka yarda in faɗa. Kalma ɗaya za ta wanke ka.”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Mama, in Baba zai ji a gaban mutane, gara a ce wiwi nake sha.”

Na bar shi ya tafi, ban kuma faɗa wa kowa ba.

Ranar zaman kwamiti baban ya zo a kan acaɓa, da tsohon takalminsa na soja ya sha goga. Malam Ishaya ya yi dogon bayani, wanda in aka tace shi, abu ɗaya ne a ciki: an ga yaron yana shiga wurin Kansila. Saje ya juyo gare ni ya ce, “Madam, kai ka faɗa mini gaskiya. Yarona yana sha?”

Na ce, “Baba, ba ya sha. Na tsaya a kan wannan gaban Ubangiji.”

Firinsifal ya ce, “Amma ta ƙi faɗin abin da ya kai shi.”

Saje ya miƙe ya ce wa ɗansa, “Je ka ɗauko akwatinka. Ba sai sun kore ka ba. Gonar citta tana jiranka.”

Didam ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya. Ya juyo ya ce, “Baba, girki nake so in karanta. Shi ya kai ni wurin Mama.”

Malam Ishaya ya fashe da dariya har yana buga tebur. “Kuku! Duk wahalar nan a kan kuku!” Wasu malaman ma suka taya shi. Saje bai yi dariya ba. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, “Kun taso ni daga Kagoro, mamansa ta kwana kuka, don kun ga yaro ya shiga ƙofa? Ba ku da aiki ne?” Sannan ya ce wa Didam, ba tare da ya dube shi ba, “Rubuta jarrabawarka. Ni da kai sai a gida.”

Didam ya rubuta jarrabawa, ya kuma ci. Amma tun ranar zaman, kafin yamma maganar ta fita daga ɗakin malamai, yara suka laƙaba masa Uwar Tuwo har ya bar makarantar. Bajen firifet ba a mayar masa ba. Baban kuwa, da yake a gaban mutane ya ji, sai ya ɗauki abin a matsayin wulaƙanci. Na je Kagoro ya ƙi fitowa. Yaron ya daɗe a gida ba ya karatun komai kafin fastonsu ya shawo kan tsohon, ya bar shi ya tafi foliteknik. Abin da zama ɗaya cikin natsuwa zai iya gyarawa, sai da ya ci wa yaro shekaru.

Ba wanda ya ba shi haƙuri. Abin da firinsifal ya ce mini washegari shi ne, “Ai da kin faɗa tun farko, Madam.” Na ce masa daga yau duk wanda aka yi wa bulala a asambili, a kai shi ofishinsa, ni ba zan karɓa ba. Litinin ta gaba Malam Ishaya ya turo mini yara, na rako su har gaban teburin firinsifal na dawo. Na yi ta yin haka har suka gaji suka daina.

Abin da na koya shi ne, riƙe sirri kaɗai ba ya kare yaro, muddin shigowa wurinku abin kunya ne. Idan aka tura ku sabuwar makaranta, kada ku fara da tambayar ofis da kujera. Ku tsaya a asambili ranar Litinin ku ji yadda ake ambaton sunanku. Idan da bulala ake haɗa shi, ku fara yaƙin a ranar, kafin wani yaro mai tambayar kirki ya yi ƙarfin halin ƙwanƙwasa muku.