Garin Kakata a Cikin Randa

A shekarar da farar yana ta fara rufe idon kakata, ni kuma hannuna ya faɗa da zanen ɗaki. Duk amaryar da za a kai a Karare, ni ake kira in shafe mata bango da farar ƙasa, in ja layuka da ja. Kaina kuwa har ya ɗan kumbura.

Kaka ba 'yar Karare ba ce. An haife ta a wani ƙauye a gindin dutse, can wajen Runka, wanda mahara suka tayar tun tana budurwa, lokacin da suke saukowa ƙasar Katsina duk rani. Ba ta ƙara taka wurin ba. Kullum da la'asar sai ta jingina da rumbu ta yi ta zayyana mana shi: kukar da ke bakin rijiya, ɗakin uwarta, dutsen da awaki ke hawa. Wata rana ta ce, a hankali, garin ma ya fara dushewa a ranta kamar yadda fuskokinmu ke dushewa. Na ƙudurta sai ta sake ganin garin nan kafin idon ya rufe.

Akwai wata tsohuwar randa da gefenta ya ɓalle. Na kwantar da ita, na shafe cikinta da shuni ya zama sama, ƙasa-ƙasa na gauraya jar ƙasa. Dutsen na yi shi da kunkunniyar tukunya, gashin kaza ne abin shafawata. Ɗakuna da rumbuna na yumɓu, kowanne bai fi babban yatsa ba, jinkarsu ta ciyawa. Saiwar sabara na kifa ta zama kuka. Wallahi in na sa kaina cikin randar nan, har iskar garin nake ji, ni da ban taɓa zuwa ba.

Mutum dai ko akuya ban ƙera ba. Mu a gidanmu an tashe mu da cewa wanda ya ƙera mai rai, ranar lahira za a ce ya busa masa numfashi. Wa zai ja wa kansa?

Na huda randar ta bayan dutsen, na juya ta yamma. Da rana ta yi ja sai haske ya tsargo ta hudar, inuwar ɗakuna ta miƙe zara-zara, saman ya yi jawur. Na kamo hannun Kaka na durƙusar da ita.

Ta daɗe tana kallo, ta kusa manna hancinta a bakin randar.

"Ina mutanen, 'yar nan?"

"Kaka, ai ba a ƙera mai rai."

"Haka ne," ta ce. "To haka na bar shi. Sama ja, ba kowa."

Na yi kwana da kwanaki ina neman mayar mata da gida, ashe ranar da mahara suka sa wa garin wuta na mayar mata. Haushi ya turnuƙe ni, na rarumo taɓarya zan rotsa randar. Ta riƙe mini zane.

"Ja'ira, garin namu za a tayar sau biyu? Ɗebo mini wake."

Na ɗebo a ƙoƙo. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta lalubo gindin kukar ta ajiye, ta ce wannan ƙanwarta ce ta zo ɗiban ruwa. Wata a ƙofar ɗaki, innarta tana tankaɗe. Uku kan dutse, yayyenta da awaki. Tana ajiyewa tana gaishe su, tana tambayar kwanan yara, tana tsokanar wata maƙwabciya da ba ta iya dama fura ba. Jan ya lafa ya koma ruwan toka, ita ko ba ta ma lura ba, yatsunta ke tafiya cikin lungunan da kansu. Sai a lokacin na gane ta daina ganin komai a ciki, kuma ba ta damu ba.

Saura ƙwaya ɗaya a tafinta. Ta ajiye ta dab da ta innarta.

"Wannan ni ce," ta ce. "Kar ki fitar da ni."