Farin Ƙyalle a Tagar Kicin ɗin Maritza

Maritza Baturiya muke ce mata, mu matan Najeriya da muka biyo mazajenmu karatu muke zaune a dogayen benayen nan na unguwar Wangsa Maju a Kuala Lumpur. Ta sha gaya mini ita ba Baturiya ba ce, daga Venezuela take, wani gari mai zafi da ake kira Maracaibo. Ni Ɗelu da taurin kaina sai in ce ta rabu da ni, ga farar fata, ga gashi har baya, ga coci ran Lahadi, me ya rage? Sai ta yi dariya ta ce in je in tambayi Turawan gidan ko sun yarda.

A kasuwa muka saba, ni da ita muna rububin agada guda uku da suka rage a wani kedai, wato ɗan shago. Ta bar mini biyu. Washegari sai ga ta a ƙofata da wata wainar masara irin ta ƙasarsu, ta rantse mini babu alade ko kusa, don ta san halinmu. A ranar na ji tarihinta. Ubanta masunci ne. Ta auri injiniyan mai, aiki ya kawo su Kuala Lumpur, zuciyarsa ta buga ya mutu ya bar ta. Gida kuma abubuwa sun lalace, babu wajen komawa, sai ta ɗauko tsohuwarta ta kawo nan, ta kama aikin girki a wani gidan abinci a Bukit Bintang. Kullum ta hau jirgin ƙasa na LRT ta canza zuwa na monorel, ta dawo tana warin albasa. Tsohuwar sunanta Elba, mu Iya muke ce mata, tana fama da ciwon sukari. Benensu yana fuskantar namu, tagar kicin ɗinsu saitin tawa. Iya takan zauna a wajen ta ɗaga wa 'yata Khaulah hannu.

Turawan gidan ba su da yawa, malaman makarantun 'ya'yan masu hali ne da 'yan fansho, amma su ke da baki a kwamitin gida. Shugabarsu wata Madam Fiona, mai murya kamar ta hedimasta. Duk liyafar da za su yi a bakin wurin ninkaya sai sun gayyaci Maritza. Mu muna leƙowa daga sama muna cewa ga ta can cikin 'yan'uwanta. Ashe gayyatar ta girki ce. Za a rungume ta, a ce wa baƙi ga ƙawarmu 'yar Mexico, sannan a nuna mata inda tukwane suke. Shekara shida suna cin abincin hannunta, ko sunan ƙasarta ba su riƙe ba. In an ƙoshi a sa kiɗa a ce ta taso ta nuna musu rawa, wai irinsu a jini take. Matar da ta ba hamsin baya! Ta gaya mini wannan da bakinta, ni kuma na ji ta kunnen dama ya fita ta hagu, don a kaina faɗan fararen fata ne, su ƙarata can.

Da korona ta zo aka rufe gari, aka buɗe, aka sake rufewa. A tsakiyar 2021 aka yi kullen da ya fi kowanne tsanani, gidan abincin su Maritza ya rufe gaba ɗaya. Mu kuwa muka haɗa kai. Hussaina, matar wani malamin jami'a, ita ce babbarmu, ta tsara girki bi da bi. A dafa, a yi tapau, wato a ƙulla a robobi, a bai wa masu gadi su ajiye a ƙofar duk wanda aka san yana cikin matsi. Mun kai wa ɗalibai gwauraye, mun kai wa wata bazawara Bamalaya, har 'yan Bangladesh masu shara. Da ana lissafa gidaje wata ta ambaci Maritza, aka yi dariya, aka ce Baturiya ce za ta ji yunwa? Ina wajen. Na fi kowa sanin aikinta ya tsaya, kuma na yi dariyar tare da su.

A kwanakin ne mutanen ƙasar suka fito da wata dabara: duk wanda abinci ya ƙare masa kuma bakinsa ya yi nauyi, ya rataya farin ƙyalle a ƙofa ko taga, maƙwabta za su gane. Kowa ya san wannan, har Khaulah. Wata safiya ina wanke-wanke na hango farin zanen gado yana lilo a tagar kicin ɗin Maritza. Na ce wa zuciyata shanya ce.

Kafin azahar Madam Fiona ta ɗauki hotonsa daga wajen ajiye motoci ta saka a zauren wasaf na mazauna gidan. Ta ce dokar gida ta hana shanya a taga, kuma wannan abu yana zubar da darajar gini, nan ba unguwar marasa galihu ba ce. Wani tsohon Bature ya ƙara da cewa mutanen can dama sun iya wasan kwaikwayo. Wannan mutumin, wallahi, na sha ganinsa yana suɗe hannu da miyarta. Aka ce kowa ya faɗi ra'ayinsa.

Hussaina ta kira ni a waya. Ta tuna mini cewa a wasu gidajen an manna takarda ba a son 'yan Afirka, kuma mu ma ido ake sa mana, gara a gan mu a ɓangaren doka. Halliru, maigidana, yana ɗaki yana fama da rubutun digirinsa, ya ce in yi abin da sauran mata suka yi. Ban ɗora masa laifi ba, ban ɗora wa Hussaina ba, yatsana ne ya rubuta na goyi baya a cire. Maritza tana cikin zauren. Da la'asar zanen ya ɓace, ni kuma na ja labulen kicina na bar shi a haka.

Babbar Sallah ta zo bayan kamar mako uku. Muka samu kasonmu na layya ta hannun masallaci, na yi kashi-kashi na maƙwabta kamar yadda uwata ta koya mini, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Na soya na Iya daban, mai laushi, saboda haƙoranta. Na sa takunkumi na lallaɓa mai gadi ya bar ni na haura da kaina, ina jin kaina wata mutuniyar kirki.

Maritza ta buɗe ƙofa, na ga wuyanta ya zama kamar na kaza. Kujerar Iya tana bakin taga babu kowa. Ta gaya mini a tsaye, ba ta ce in shigo ba. Sun yi kwanaki suna raba shinkafa da ruwan shayi. Iya tana ɓoye nata kason ta mayar tukunya don 'yarta ta samu, tana kuma shan maganin sukarinta a kan cikin da babu komai. Ta faɗi a banɗaki. Motar asibiti ta ɗauke ta, dokar korona ta hana a bi ta, kwana huɗu aka bugo waya aka ce ta rasu.

Raina ya ɓaci, na fara zagin Madam Fiona da mutanenta, na ce azzalumai ne marasa imani, sun ci sun sha a hannunta sun watsar. Har yau ina kan bakana, kuma ban yafe musu ba. Maritza ta bar ni na gama. Sannan ta ce, a hankali:

“Ɗelu, barandata ce take kallon wajensu. Da a ce su nake kira, da a can zan rataya. Na san ba za su zo ba.”

Na ce to me ya sa ba ta buga mini waya ba, ai tana da lambata.

“Na ga abin da kika rubuta,” in ji ta.

Ta karɓi naman, ta yi godiya, ta ce ita kaɗai ba za ta iya cinye shi ba, in rage. Ban rage ba. Na sauko, na shiga kicina na yaye labulen da na ja tun ranar. Khaulah ta hau kujera ta leƙa, ta tambaye ni ina Iya take.