Shida Bisa Ashirin

Saura mako uku jarrabawar Bak ta kammala sakandare, amma har yau ɗaliban Malama Karimatu ba su iya fayyace halin mutumin cikin littafi ba. Wane mutumin kirki ne, wane mugu ne, iyakar abin da suke rubutawa ke nan.

Da la'asar ga ta gaban wani mai tsire a Djamboutou, hankalinta na bin hayaƙi. Dattijo ne siriri, tabaraunsa ɗaure da zare, yana naɗe nama a tsofaffin takardun makaranta. Ya ɗauko guda, sai ya dakata. Ya goge hannu, ya miƙar da ita yana karantawa, leɓɓansa na motsi a hankali. Aikin wani ɗalibi ne, an ba shi shida bisa ashirin da jan biro.

Ya ninke ta, ya sa a aljihu.

"Baba, ba da ita za ka naɗe min ba?"

"A'a, Hajiya. Yaron ya yi ƙoƙari. Mai dubawar ne ya yi gaggawa."

Ko ya taɓa riƙe alli a wani ƙauyen Tcholliré? Ko shi ma shidan aka ba shi, ya bar aji? Ba ta tambaya ba. Gobe za ta ba ɗalibanta labarin dattijon nan, su faɗa mata wane irin mutum ne.

Amma tukuna, akwai takardu arba'in a jakarta da ta duba cikin awa guda.