Mai Agogo da Wayar da Ba Ta Zazzaɓi

Shekara talatin Mai Agogo yana zaune a ƙaramin shagonsa na bakin layi, gilashi manne a ido ɗaya, agogo goma sha biyu a bango, duk bakinsu ɗaya. Mutum ne da ko atishawa zai yi sai ya duba lokaci. Amma wayarsa, Allah sarki: ka danna ta da safe, ta amsa maka da azahar.

'Yarsa tilo tana aure a nesa, cikinta ya tsufa, ta kuma ce Baba ne zai fara ganin jikansa ta kiran bidiyo. A tsohuwar wayar kuwa, fuskar mai kira daskarewa take yi, baki a buɗe.

Matarsa ta yi mitar ya sayi sabuwa har ta gaji. Ya ce ta bari, sabon samfuri zai fito ƙarshen wata, ranar da ya fito farashin na bara mai ƙarfin inji zai sauko ƙasa. Maƙwabta suka ce jikan zai yi gemu kafin kakan ya gama jira. Ko a jikinsa. Sai dai an lura ya daina cinye abincinsa.

Ranar ta zo, ya sa agogon awon sakan a aljihu ya nufi kanti. Mai sayar da waya ya shiga yabon launi da kyamara.

"Ɗana, bar kwalliyar," in ji Mai Agogo. "Injin nake nema, furosesan nan naku."

Ya sa aka jera waya uku, aka buɗe taswira da bidiyo da kyamara lokaci guda, yana auna sakan. Sannan ya manna kowace a kumatunsa kamar uwa mai duba zazzaɓi. Biyu sun ɗauki zafi. Ta ukun sanyi ƙalau. Masu sayayya suka bar abin da ya kawo su suka zagaye shi, shi kansa mai kantin ya ɗauki ɗaya ya gwada a nasa kumatun.

Bai fi minti biyar da sayen ta ukun ya sa layinsa a ciki ba sai ga kiran surukinsa daga asibiti. Ga jaririya nan tar, tana hamma, hoton bai tsaya ko sau ɗaya ba.

Mai Agogo ya zuba wa ɗan ƙirjinta ido, yana hawa yana sauka. Ya danna agogonsa, ya jira minti ɗaya cif.

"Masha Allah," ya ce a hankali. "Tana tafiya daidai."