Rakiyar da Ta Kusa Hana Ni Tafiya

Assalamu alaikum, 'yan uwa da abokan arziki. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata a nan ba, wannan zancen kuwa shekara da shekaru ina riƙe da shi a ciki. Jiya aka raɗa wa jikata suna a unguwar Parkchester da ke New York, murna ta kwance mini baki. Ku yi haƙuri da rubutuna, da furfura na shiga makarantar yamma.

A farkon shekarun casa'in ne, ina dawowa daga Kano. Jirginmu ya zo sauka New York ya doki ƙasa da ƙarfi. Ma'ajiyar kaya ta sama ta buɗe, akwatin wani ya faɗo mini a baya ina sunkuye. Ma'aikaciyar jirgin ta ɗauki sunana. Na ce mata ba komai, na kama hanyar gida.

Bayan 'yan kwanaki ƙafata ta hagu ta fara yi kamar tururuwa na yawo a ciki. Daga nan ta daina jin takalmi. Wata safiya na sunkuya zan kasa huluna da agoguna a teburina na bakin titi, na kasa miƙewa.

A asibiti aka ɗebi jini, aka tura ni cikin wata na'ura mai kama da kabari, sai ƙwanƙwasa take yi. Tsoro bai hana ni tambaya ba: ta yaya ƙarfe ke ganin cikin mutum ba a tsaga shi ba? Likita ya yi dariya ya nuna mini hoton. Ya ce, "Ga inda ƙashin baya ya danne jijiya. In ba a yi aiki ba, ƙafar nan za ta iya mutuwa."

Ba ni da inshora. Da maiɗakina Hajiya Ladi ta ji kuɗin aikin, sai ta kama haɓa. Muka koma gida da ƙwayoyi da keken guragu na aro.

Ana nan sai ga wani Bature da kwandon 'ya'yan itace, ya ce daga kamfanin jirgin yake. Na ce ikon Allah, ashe su ma sun san dubiya! Ya tambayi jiki, na ce da sauƙi, don ban taɓa ganin dattijon da ke yi wa baƙo raki ba. Da zai tafi na cije, na dafa bango, na raka shi har ƙofar bene ina murmushi. Yana shan kwana na zube. Maƙwabta ne suka ɗauko ni.

Abokina Alhaji Mamman, mutumin Damagaram, direba a wani ofishin jakadanci, shi ya kai ni wurin wata lauya. Na cika ta da tambaya. Ashe tikiti alkawari ne, wanda ya ɗauke ka lafiya dole ya sauke ka lafiya. Ashe ƙasashe sun yi yarjejeniya a kan haka, in ka bar shekara biyu ta wuce ba ka yi ƙara ba, haƙƙinka ya faɗi. Ita kuma ba ta karɓar komai sai an biya ka.

Na ce, "Mamman, ƙaddara ce fa. Wannan kuɗi zai ciwu?"

Ya ce, "Yau ga Bakano yana gudun kuɗi! Diyya a littafi take, ba Bature ya ƙago ta ba."

Lauya ta nemar mini diyya, sai kamfani ya ƙi. Suka ce mutuminsu ya gan ni ina tafiya da ƙafata, kuma da bakina na ce na ji sauƙi.

Lauya ta dube ni. "Me ya tashe ka?"

Na ce, "Baƙo ne."

Ta ce, "Sai me?"

Yanzu ita ke tambaya ni ke bayani. Na gaya mata a wurinmu ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai kamar wanda aka kora. Ta ce ita ta yarda, amma su fa?

Ranar zama da lauyoyin kamfani, Mamman ya turo ni a keke. Aka nuna hotunan asibiti, Hajiya ta faɗi yadda na zube. Babban lauyansu, wani tsoho mai tabarau, kai kawai yake girgizawa. Na ga ƙafata tana tafiya ta bar ni.

Aka tashi ba a daidaita ba. Tsohon ya ɗauki jakarsa ya nufi ƙofa. Wallahi ban san lokacin da na dafa keken na yunƙura ba. Ciwo ya soke ni, na yi ƙara, na koma daɓas.

Hajiya ta ce, "Malam, don Allah ka zauna! Wannan ma rakiyar za ka yi masa?"

Mamman ya danne mini kafaɗa. "Rabu da shi, Hajiya. Wannan ko mala'ikan mutuwa ne sai ya taka masa."

Tsohon ya tsaya ya tambayi me ya faru. Lauyata ta ce, "Raka ka zai yi." Ya daɗe yana kallona, gumi na zuba a fuskata. Ya cire tabarau, ya dawo ya zauna.

Aka yi sulhu. Suka biya aikin da gashin ƙashi, da ɗan abin da muka riƙe gida da shi. Na koyi tafiya kamar yaro, ina bin ƙarfe, nas tana tafa mini.

Na gode wa Allah, na gode wa Hajiya, da likitan nan mai haƙuri da tambaya. Mamman ya riga mu, Allah ya jiƙansa.

Shawarata: abu ya same ka a jirgi, ka sa a rubuta tun kana ciki, ka je asibiti ranar. Likita ba suruki ba ne, gaya masa inda ke ciwo. Wanda kamfani ya aiko, ka ba shi ruwa, amma zance ya yi da lauyanka. Kada ka yi jinkiri.

Jiya bayan walima, duk wanda ya zo suna sai da na raka shi har tashar jirgin ƙasa. Hajiya na ta kira ta taga, "Malam, bayanka fa!"

Na ce mata da sauƙi. Wannan karon gaskiya na faɗa.